Gida Bai Ƙoshi Ba: Nasiha Kan Cin Waje da Yawon Shaƙatawa

Ranar wata Asabar bayan La'asar ɗan ƙanina ya zo gaishe ni. Ya tambayi ƙafata da ke damuna, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi shiru yana murza makullin babur a hannunsa. Duk wanda ya riƙe yaro ya san irin wannan shirun. Na ce masa, "Faɗi abin da ke tafe da kai." Ya ce naira dubu 25 yake nema zuwa ƙarshen wata, an koro 'yarsa daga makaranta saboda cikon kuɗin zango.

Kwana goma kafin nan na ga hotunansa a zauren WhatsApp na danginmu, shi da maiɗakinsa da yaransu uku a wani gidan abinci na zamani can Nassarawa. Ga kaza, ga soyayyen dankali, ga askirim a gaban kowane yaro. Na shiga ɗaki na ɗauko masa abin da ya nema, domin wanda ke cikin matsi ba ya jin nasiha. Sai da kuɗin suka shiga aljihunsa na tambaye shi nawa wancan zaman ya ci. Ya duba wayarsa ya ce dubu 41, ban da kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa.

Ban ce komai ba, shi ya ci gaba da kansa. "Baffa, wallahi ba don a gani na yi ba. Wata biyar rabon da in fita da su ko nan da bakin titi. Duk abin da suka tambaya sai in ce babu. Ranar nan babbar ta ce min, 'Abba, mu ba ma zuwa ko'ina ne?' Sai na ji zuciyata ta karye."

Na yarda da shi, kuma maganar yarinyar nan ce ta hana ni barci har na ɗauki alƙalami. 'Ya'yana, ba zan ce muku ku kulle kanku a gida ku jira tsada ta wuce ba. Rai dangin goro ne, sai ana ba shi iska. Mutumin da ya fita tun asuba yana faɗi-tashi a kasuwar Kwari ko Singa ko a wani ofis, ya dawo bayan Magariba ƙura har cikin kunne, yana da hakkin ya zauna wani wuri ya yi dariya. Malamanmu sun karantar da mu cewa addini bai hana cin mai daɗi da sa mai kyau ba, almubazzaranci ya hana. Abin da nake so mu duba tare shi ne: kuɗin da ake karɓa a hannunku yanzu kafin a ba ku wannan dariyar, sun yi daidai da abin da kuke komawa gida da shi?

Kun fi ni sanin yadda muka zo nan, don a jikinku abin ya sauka. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta je 1,500 har ta gota a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta taɓa kashi 40 a tsakiyar shekarar. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70, a daidai lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin tsada. Daga baya hatsi ya sauko a kasuwar Dawanau, har manoma suka koka, amma ni dai a unguwarmu ban ga mai gidan abincin da ya sauke kuɗin farantinsa ba.

Kada ku yi saurin zagin mai gidan abincin. Ku leƙa bayan kantarsa ku ga abin da yake ɗauke da shi. Akwai kuɗin haya. Akwai dizal na janareta, domin ba zai ce wa baƙonsa ya ci shinkafa cikin duhu da gumi ba. In kuma layin wutarsa na cikin waɗanda ake kira Band A ne, a Afrilun 2024 an ɗaga musu kuɗin wuta daga naira 60 da wani abu zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Ga gas na girki, ga albashin masu dafawa da masu kawowa da mai gadi, ga robobi da ledoji, ga harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa tun Fabrairun 2020. Duk waɗannan a cikin farantinka suke, ɗana, ko da idonka bai gan su ba. Shinkafa da naman da suka shiga cikinka su ne ƙaramin kaso. Ragowar kuɗin sanyin ɗaki ka saya, da hasken fitila, da laushin kujera, na awa ɗaya ko biyu. Su ma masu manyan wuraren ba daɗi suke ji ba, tunda a Janairun 2024 muna gani Shoprite ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall ta bar Kano.

To, in ka san abin da kake saye ke nan, ka duba aljihunka ka ga zai ɗauka, bismillah, Allah ya sa albarka. Damuwata da wanda yake zaton abinci ya je ci ne, alhali abin da ya biya zai ciyar da gidansa mako guda da nama a miya.

Na taɓa ganin irin wannan zamani, ta ɗaya fuskar. Ina sabon malamin firamare aka yi Udoji. A 1974 hukumar da Jerome Udoji ya jagoranta ta ba gwamnatin Janar Gowon shawarar ƙara wa ma'aikata albashi, aka ƙara, aka haɗa mana da ariyas na watanni. Ba mu taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Aka sayi rediyo mai kaset, aka sayi agogo, aka sayi babura. Kusan kowane dare muna Plaza ko Orion kallon fim ɗin Indiya, in an tashi mu biya wajen mai tsire, mu ƙare a teburin mai shayi. 'Yan kasuwa suka ji ma'aikata sun samu, suka ɗaga kaya. Kuɗin suka ƙare, abin da muka saba da shi bai ƙare ba. A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. A 1984 muka koma bin layi don sayen madara da sukari da sabulu. A 1986 Babangida ya kawo shirin tattalin arziki na SAP, naira ta fara zubewa. A duk waɗannan shekarun na lura da abu ɗaya a tsakanin abokan aikina: waɗanda suka fi jigata ba lalle su ne masu ƙaramin albashi ba. Waɗanda suka ɗora wa kansu rayuwar da ba sa iya saukewa su ne suka fi shan wuya, suka sayar da babur, suka shiga hannun masu ba da bashi, wasu har aurensu ya girgiza. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ina biyan bashin da ba na iya tuna me na ci da shi, kuma har yau in na tuna fuskar mahaifiyar 'ya'yana a lokacin, raina yana ɓaci. Da Bahaushe ya ce sabo turken wawa, irin wannan yake nufi.

Shi ya sa fita ɗaya ba ta ba ni tsoro. Ɗan ƙanina da ya fita sau ɗaya a wata biyar, kuskurensa na lissafi ne, zai gyaru. Wanda nake jiye wa shi ne wanda fita ta zame masa farilla: kowace Juma'a da dare shawarma, kowace Lahadi wurin wasan yara, duk ranar haihuwar kowa sai an yanka kek a wani lambu an kira mai hoto. Ranar da babu, sai ya ji kamar an tsiraita shi. Yaransa ma sun tashi da sanin cewa ƙauna tana zuwa ne a cikin leda mai tambarin kanti. Wannan gadon ya fi bashin banki nauyi.

Akwai tambayar da nake so kowannenku ya yi wa kansa a ɓoye, ba sai ya ba ni amsa ba. Da za a ce ka bar wayarka a gida, babu hoto, babu wanda zai san ka je, za ka je wurin nan? In amsar e ce, to hutu ka je nema, kuma ina yi maka fatan alheri. In kuwa ka ji sha'awar ta ragu, to idon mutane kake ciyarwa da guminka. A zamaninmu mai ƙaryar arziki 'yan unguwarsu kaɗai yake yi wa, su kuma sun san asalin balbela, sai abin ya tsaya iya nan. Ku kuwa kuna gasa da mutanen da ba ku taɓa gani ba a TikTok da Instagram, ba ku san ko kuɗin nasu ne ba, ba ku san ko abincin da suka ɗauka a hoto su suka biya ba. Wani tallan wurin aka ba shi ya yi, an biya shi ya zauna a kujerar da kai za ka ci bashi ka zauna a kai.

Sannan kuɗin yanzu ba sa yi wa mutum sallama in za su tafi. Da, in za ka biya, sai ka zaro takardu ka ƙirga da yatsa, kana ji a jikinka suna raguwa, wani lokaci a tsakiyar ƙirgar ma ka fasa. Yanzu kati ake zurawa a POS ko a yi taransifa, dubu 4 da dubu 40 duk danna waya ɗaya ce. Sai alat ya shigo kana kan hanyar gida sannan gabanka ya faɗi. Shawarata ita ce, in za ka fita da iyali, ka ciri tsabar abin da ka yanke tun daga gida, ka bar katin a ƙarƙashin matashi. In tsabar ta ƙare, an tashi.

Bashi kuwa, 'ya'yana, ina roƙonku da girman Allah, kada ku ci shi don shaƙatawa. Bashin magani daban, bashin kuɗin makaranta daban, bashin jari daban. Amma ka ci bashi ka sayi abin da zai narke a cikinka kafin asuba, ka wayi gari da yunwa da bashi tare? Mafi muni su ne manhajojin bashin nan na waya. Ban da ribar da addini ya haramta, ranar da ka gaza biya sai su bi lambobin da ke wayarka ɗaya bayan ɗaya, surukinka da limamin unguwarku da shugabanka na wajen aiki, suna aika musu saƙo cewa kai macuci ne. Na ga saurayin da ya daina zuwa masallacin layinsu wata biyu saboda irin wannan saƙon. Mutuncin da aka fita nema a teburin cin abinci, ga inda ya ƙare.

Yanzu bari in juyo kan magidanta, domin akwai wani cin waje da ba a ɗaukarsa hoto, kuma ya fi wancan ciwo. Kun san shi. Magidanci ya bar wa gida kuɗin cefanen da shi kansa ya san ba za su kai ba, matar ta yi dabara ta tuƙa tuwo da miyar kuka ba ko ƙashi, yara suka ci suka kwanta. Shi kuwa ya tsaya a hanya, ya sa an yanka masa balangu, ya kora da lemo mai sanyi, ko ya zauna wajen mai shayi aka soya masa Indomie da ƙwai uku. Ya goge bakinsa tas, ya wanke hannu da sabulu don kada a ji ƙanshi, ya shiga gida ya ce ya ƙoshi, a ajiye masa tuwon da safe. Yana zaton ba a sani ba. An sani, ɗana. Mace ta san ƙanshin yajin tsire ko da ka yi wanka, kawaici kawai take yi maka. Kuɗin da ka kashe kai kaɗai a tsaye a bakin titi, da ka miƙa su a gida, da kowa ya ga tsoka a kwanonsa. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. In har za ka sayi tsiren, sa a ƙunshe maka, ka kai gida, ka tashi yaran ko sun yi barci, kowa ya samu yanka bibbiyu. Za su manta da abubuwa da yawa na yarintarsu, amma ba za su manta da daren da Abba ya tashe su cin tsire ba.

Haka kuma kada wani ya ɗauki rubutun nan ya kai wa matarsa ya ce, "Kin ji, dattijo ya ce a daina fita." Ban ce ba. Matar da ke tsaye a kan murhu sau uku a rana, kwana talatin a wata, ga hayaƙin gawayi tunda gas ya gagara, ga wanke-wanke, ga raino, ranar da aka ce mata yau kada ki ɗora tukunya, wannan ranar ta fi mata sabon zane. A nan kuɗin cin waje suke halatta kansu, har da riba. Abin da take so shi ne ta ci abin da ba ita ta dafa ba, ta zauna a kawo mata, ta ga mijinta ya tuna cewa ita ma mutum ce mai gajiya. Wannan ba ya bukatar dubu 41. Gurasa bandashe da tsire da zoɓo mai sanyi za su yi, in an kawo da fuska a sake. Wata ran kuma, in hali ya yi, ka bar yaran wajen kakarsu ka fita da ita ita kaɗai wuri mai kyau. Kuɗin mutum biyu ba kuɗin mutum biyar ba ne, kuma hirar da za ku yi ba za ta yiwu a gaban yara ba.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son ku daina saye gaba ɗaya. A bakin layinmu akwai mai tsiren da ya fi shekara ashirin a wurin. Ina zama kusa da tukubarsa wani lokaci bayan Isha'i ina kallon hannunsa. Yadda yake feɗe nama yanzu ya bambanta da da: yankan ya yi siriri har kana hango hasken wuta ta cikinsa, ƙuli ya ƙaru, tsinken ya fi naman tsawo. Ba ha'inci ba ne, dabarar zama a sana'a ce, don in ya ɗaga kuɗin tsinke yadda nama ya tashi, babu mai tsayawa. Ya ce min da cinya biyu yake ɗaukowa daga kwata su ƙare kafin sha ɗaya, yanzu ɗaya ma sai ta kwana. Shanun da ake kawowa daga Nijar ta Maigatari da Mai'aduwa sun yi wuya tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Ga satar shanu a dazukan Zamfara da Katsina, ga kuɗin motar da za ta ɗauko dabba daga Wudil. Mai tsiren nan yana da 'ya'ya bakwai da yara biyu masu taya shi aiki. In duk muka ɗaure bakin aljihu tamau, shi da mai waina da mai ƙosai da mai fura da yarinyar da ke soya awara a ƙofar gidansu, ina za su? Saboda haka in kun ware ɗan abin da za ku kashe a waje, ku tuna da waɗannan. Dubu biyunka a wajen mai tsiren unguwa tana zama cefanen wani gida gobe da safe.

Game da wuraren zuwa, ina mamakin yaran Kano da suka san kowane gidan askirim a Zoo Road amma ba su taɓa hawa dutsen Dala ba. Ka ɗauki yaranka da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku bi matakalar nan a hankali, ku tsaya a sama. Ka nuna musu Gwauron Dutse, ka nuna musu hasumiyar babban masallaci da gidan Sarki, ka nuna musu inda ganuwa ta bi da inda aka cinye ta, ka sa su nemo unguwarku da ido. Ga Gidan Makama da kayan tarihin garin nan a ciki. Ga Gidan Zoo da aka buɗe tun zamanin Gwamna Audu Bako, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamaninsa, in kun haɗa kuɗin mota ku da maƙwabta. Ga hawan Sallah duk shekarar da aka yi shi, wanda mutane ke tsallako teku su gani, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kai kuwa tsayuwa a bakin titi kawai zai ci maka. A dafa dafa-duka a gida a zuba a kula, a ɗauki tabarma da gorar ruwa. Yarinyar da ta ce "mu ba ma zuwa ko'ina ne?" ba ta ambaci sunan gidan abinci ba. So take ta fita daga bango huɗun nan, hannunta cikin na ubanta, ta samu labarin da za ta ba ƙawayenta ranar Litinin.

Samari marasa aure, ku naku ramin ƙarami ne, shi ya sa ba kwa ganinsa. Kuɗin gidan kallon ƙwallo sau uku a mako, kuɗin data da ke ƙarewa a kallon bidiyon da ba za ka tuna shi gobe ba, lemon kwalba bayan kowane cin abinci. Ban hana ku kallon ƙwallo ba, mu ma mun cika filin wasa na Ƙofar Mata saboda Kano Pillars. Amma ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka kashe a irin waɗannan na wata guda, kada ka ɓoye wa takardar komai, sannan ka dubi jimillar. Da yawanku za ku ga kuɗin koyon sana'a ne, ko rabin kuɗin keken ɗinki. Cacar ƙwallo kuwa kada ma ku sa ta cikin shaƙatawa. Wanda ya sa kuɗi a wasa ba kallo yake yi ba, zuciyarsa a wuya take har a tashi, kuma haramun ce ko an ci ko an faɗi.

'Ya'yana mata, kalma ɗaya gare ku. Kada ki auna saurayi da tsadar wurin da ya kai ki ko ledar da ya aiko miki. Wanda ya ci bashi don ya burge ki kafin aure, ke za ki zauna da masu bin bashin bayan aure. Wanda ya iya duban idonki ya ce, "Wannan watan ba ni da hali," ya nuna miki abin da za ki dogara da shi shekara arba'in. Kuma in biki ya zo, ki taimaki iyayenki. Kamu da dina da wuni da walima, kowanne da zauren haya da anko da mai kwalliya, na ga uban da ya sayar da gonar gado saboda taron awa huɗu, ya dawo yana sayen masara a kwano.

Abin da na fi kewa a duk abubuwan da zamani ya tafi da su shi ne ciyayya. Yaran yanzu wasu ko sunan ba su sani ba. A layinmu na cikin gari, in an idar da sallar Isha'i, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babban layin. Kowane magidanci yaro zai fito masa da kwanonsa daga gida. Wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan tuwon shinkafa da taushe, wani dambu, wani ɗanwake, wani gayan tuwo ne kawai an rufe da faifai. A jera su a tsakiya, a fara buɗe ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Babu mai tambayar wane kwano daga wane gida, ko da yake kowa ya sani. In aka ga kwanon wani ya yi kwana uku bai fito ba, ba za a yi magana a wurin ba, amma kafin gari ya waye an aika wa gidansa da kwanon hatsi ta hannun mata. A kan tabarmar nan ake jin wa ke neman aiki, wa ke da mara lafiya, 'yar wa ta isa aure. Almajiri ya samu, baƙon da dare ya yi masa ya samu. Mun ci abinci kala biyar a dare ɗaya, mun yi dariya har da hawaye, ba wanda ya kawo mana takardar biya.

Abin da kuke bi gidajen abinci kuna nema da tsadar nan, rabinsa wannan ne: a zauna tare, a ci abin da ba na kullum ba, a ji ana cikin mutane. Katangu sun yi tsawo, kowa ya sa get ya kulle, sai aka koma sayen zaman tare a wajen waɗanda suka yi masa ɗaki mai sanyi. Ban ce zamanin da zai dawo yadda yake ba. Amma abokai biyar da ke haɗuwa a gidan abinci duk mako za su iya cewa wannan makon a gidan wane, kowa ya zo da abin da aka dafa a gidansu. Matan ma haka, su da ƙawayensu da 'yan'uwansu. Ku gwada sau ɗaya ku kwatanta abin da ya fita daga aljihunku, ku kwatanta kuma tsawon hirar.

Ɗan ƙanina ya dawo da kuɗina ranar 2 ga wata, na karɓi dubu 15 na ce ya riƙe sauran ya kai yaran Dala. Ni kuma na yi magana da maƙwabtana uku, mun dawo da tabarma ƙofar gidana duk daren Juma'a bayan Isha'i. Mun fara da kwano huɗu, makon jiya bakwai aka jera. Wanda ke kusa a cikinku ya zo da nasa, ko gayan tuwo ne, akwai miya a wani kwanon. Wanda ke nesa kuma ya shimfiɗa tasa tabarmar a layinsu, ya fara kiran maƙwabcin da ya daɗe bai ga kwanonsa ba.